Surukata ta ce a bar kemo a sayi dafin gizo-gizo

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, gidana yana Gwammaja, muna da 'ya'ya huɗu. Bayan ƙaramar Sallah aka gano maiɗakina tana da ciwon daji a mama. An yanki ɗan nama an kai gwaji, likita ya ce za a yi mata kemo, wato maganin daji da ake ɗurawa a jijiya, sau shida kafin a yi aiki. An yi biyu. Gashinta ya zube, amai take yi ba ƙaƙƙautawa, ko ƙamshin girki ba ta so. Ana cikin haka sai yayanta ya turo mana bidiyo ta WhatsApp, wai masana a Ostireliya sun gano dafin gizo-gizo yana kashe ciwon daji, wato kansa. Har ya samo wani mutum mai kawo shi a kwalba, ana ɗigawa a ƙarƙashin harshe, naira 380,000 na wata uku. Surukata ta ce dama tun kaka da kakanni an san daji ba ya son allura, a dakatar da kemon nan haka. Kuɗin da ke hannuna na zuwa na uku da na huɗu ne. In na ƙi saye, za a ce na fi son kuɗina a kan ran 'yarsu. In na saya, babu na asibiti. Ita kuwa in na tambaye ta sai ta ce duk yadda muka yi daidai ne. Don Allah a ba ni shawara.

Mai neman mafita, Gwammaja

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah Ya ba maiɗakinka lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya ba ka ladan jinya.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba. Kada ka sayi kwalbar nan, kuma kada ranar kemo na uku ta wuce ba ku je ba. Sauran bayani ne, amma ka daure ka karanta, domin surukai za ka fuskanta, kuma "haka aka rubuta mini" ba zai ishe ka hujja a gabansu ba.

Yayan matarka bai ƙirƙiri labarin ba, wannan ne ma ya sa maganar take da wuyar warwarewa. A shekarar 2018 masu bincike a cibiyar QIMR Berghofer da ke birnin Brisbane a Ostireliya sun wallafa aikin da suka yi a kan wani sinadari na gizo-gizon ƙasarsu mai zama a rami, daga dangin da ake sawa cikin mafiya haɗari a duniya. Sinadarin ɗan'uwan wani ne mai suna gomesin, wanda aka fara ganowa a 2000 a jikin wani ƙaton gizo-gizo mai gashi na ƙasar Burazil, kuma a cikin jininsa aka same shi, ba a fiƙarsa ba. Sun zuba shi a kan ƙwayoyin kansar fata da suka raina a faranti cikin ɗakin gwaji, ƙwayoyin suka mutu. Sun gwada a jikin ɓerayen da aka dasa wa ƙari, ƙarin ya rage saurin girma. Gidajen labarai suka ɗauka, masu haɗa bidiyo suka yanka suka liƙa, har ya faɗo wayoyinku. Ba su kaɗai ne a fagen ba. A Sin an yi aiki a kan lycosin-I, na wani gizo-gizo mai farauta a ƙasa. A Rasha an yi a kan wasu sinadarai da ake kira latarcin, na gizon Tsakiyar Asiya. Akwai kuma na gizon tsibirin Trinidad da aka gwada a kan ƙwayoyin ƙarin ƙwaƙwalwa. Gizo-gizo iri sama da 50,000 masana suka sa wa suna, kusan dukkansu suna da dafi, dafin kowanne kuma tarin sinadarai ne birjik. Duk mai neman sabon magani dole hankalinsa ya kai wurin.

To amma dubi abin da bidiyon ya haɗiye bai faɗa ba. Kansar fata aka gwada, wadda ta addabi fararen fata a ƙasar da rana ke gasa su, ba ta mama ba. Kansa kuwa ba ciwo ɗaya ba ce. Ta maman ma kala-kala ce, shi ya sa aka yanki naman aka kai gwaji kafin a zaɓa mata magani. Sannan faranti da ɓera aka gwada, ba ɗan Adam ba. Har yau ɗin nan babu maganin kansa ko ɗaya da aka yi daga dafin gizo-gizo wanda wata hukumar magunguna ta amince a ba mutane, a Ostireliya ne, a Amurka ne, ko a Sin. Ko 'yar wanda ya yi binciken ce ta kamu da ciwon matarka, kemo da aiki da gashin ƙari da na'ura za a yi mata.

Kashe ƙwayar kansa a cikin faranti ba wani abin a zo a gani ba ne. Ruwan Hypo na wanki ma yana kashe ta nan take. Gwanintar ita ce a kashe ta a bar mai ita da rai. Yadda yawancin sinadaran nan na gizo ke aiki shi ne, kowace ƙwayar halitta a jikinmu a naɗe take cikin wata 'yar fata siririya, ta ƙwayar kansa kuma tana da ɗan bambancin cajin lantarki da ke sa sinadarin ya fi manne mata, ya huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye. Dabara ce mai kyau, sai dai sinadarin ba ido gare shi ba. In ya yi yawa yakan huda jajayen ƙwayoyin jini ma, in kuma ya shiga jiki hanta da ƙoda da jini sukan farfasa shi su fitar kafin ya kai inda aka aike shi. A kan waɗannan matsaloli biyu masanan suke fama har yanzu.

Akwai wani abu game da dangin gizon nan na Ostireliya da ya kamata yayan matarka ya ji. Na birnin Sydney in ya ciji kare ko kyanwa ba ya yi musu wata illar kirki, amma mutum da biri yana iya kai su lahira. Mutum 13 aka ƙirga ya kashe kafin a fara amfani da maganin cizonsa a 1981. Ka ga ke nan abin da dabba ta jure ba lalle ɗan Adam ya jure ba, kuma a dafin dangin gizon da ake maganarsa aka ga haka ƙarara.

Kai ɗan Kwari ne. In wani ya buɗe tafin hannu ya nuna maka irin auduga, ya ce ka biya shi kuɗin bandir na shadda, ka san amsar da za ka ba shi. Irin na gaske ne, shaddar ce babu. Tsakanin faranti da jijiyar mara lafiya akwai matakai. Bayan dabbobi sai a gwada a mutane 'yan kaɗan don a gano ma'aunin da jiki zai ɗauka, sai a ƙaro wasu a ga ko yana taɓa ciwon da gaske, sai a kwatanta shi da maganin da ake da shi a jikin ɗaruruwa ko dubbai. Tafiyar takan ci shekara 10 zuwa 15, kuma cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane kusan tara a hanya suke faɗuwa. Na kansa sun ma fi haka faɗuwa.

Kada ka ɗauka raina dafi nake yi. Dafi ya ba duniya magani, kuma ba mamaki yana cikin jakar surukarka yanzu haka. A shekarun 1960 wani masani ɗan Burazil, Sérgio Ferreira, ya gano wani abu a dafin macijin ƙasarsu mai suna jararaca da ke saukar da jini. Ba dafin aka ɗura a kwalba aka sayar ba. An yi shekaru ana nazarin siffarsa har aka ƙera ƙwayar captopril, wadda aka amince da ita a Amurka a 1981. Lisinopril da dattawanmu masu hawan jini ke sha kowace safiya daga wannan gida ya fito. Kunama ma ta shigo: wani sinadari daga dafin rawayar kunamar hamada, irin ta Masar da Sudan, yana manne wa ƙarin ƙwaƙwalwa, har likitoci a birnin Seattle suka haɗa shi da wani abu mai haske don mai tiyata ya ga iyakar ƙarin. Wannan ya kai ga gwaji a jikin mutane. Daga Kuba kuma akwai ruwan dafin shuɗiyar kunama da aka daɗe ana tallarsa da sunan Vidatox, an tsinka shi da ruwa har ya zama kusan babu komai a ciki, kuma babu ingantaccen gwajin da ya nuna yana warkar da kansa. Na kawo shi ne don ka ga cinikin ɗigo a ƙarƙashin harshe ba a Kano aka fara shi ba. Mu ma nan ba baƙin ilimin dafi ba ne. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya yi suna a duniya a binciken saran maciji. Garin da ke da irin waɗannan mutane, da maganin ya tabbata ba daga bakin mai kwalba za a fara ji ba.

Yanzu ɗauko takardar maganin matarka ka duba. A ciwon mama galibi za ka ga doxorubicin, jan ruwan nan da mata ke tsoro, wanda asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da aka samo a cikin ƙasa a Italiya. Za ka iya ganin paclitaxel, wanda daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara ciro shi. A 1962 aka ɓare ɓawon, sai 1992 aka yarda a ba marasa lafiya, shekara 30 cur. Vincristine da ake ba yara masu kansar jini daga wata fulawa ta Madagaska ya fito, irin wadda ake shukawa don ado a ƙofar gidaje. Duk guba ne, babu mai musu, shi ya sa gashi ke zubewa. Amma guba ce da aka san sunanta, aka auna ta da tsawon matarka da nauyinta, aka san ranar da za ta fi jigata jiki da abin da za a yi in ta jigata shi. Abin da Hajiya surukarka ke nema, wato maganin da ya fito daga halittun Allah, shi ne ake ɗura wa 'yarta a jijiya. Na gizo bai kai nan ba tukuna.

Kwalbar kuwa, ko da a ce da gaske akwai sinadarin a ciki, ba ta baki zai yi aiki ba. Kamar insulin yake, kuma ka san masu ciwon suga allura suke yi, domin in an haɗiye shi ciki narkar da shi yake kamar nama. Gizo ɗaya in an tatse shi ɗigon da yake bayarwa da kyar ido ke gani, su kansu masanan haɗa sinadarin suke yi a ɗakin gwaji da tsadar gaske, su adana shi cikin sanyi. Wanda ya ce ya shigo da na wata uku a jaka ta zafin Kano, sai ka tambayi kanka me ke ciki. In an yi sa'a ruwa ne da ɗan ɗaci. In ba a yi ba, an zuba masa maganin kashe ciwo ko irin ƙwayoyin nan masu sa ƙiba da buɗe ciki, kamar yadda aka sha kamawa a magungunan da ake cewa na itatuwa ne a ƙasashe da dama. Wannan ne mafi yaudara. Kemo ya tsaya, amai ya tsaya, ta fara cin abinci, kumatu su ciko, gida ya ɗauki murna an ce magani ya karɓe ta, alhali ƙarin yana ciki yana aikinsa. Lambar NAFDAC ma ka san yadda ake karanta ta. Magungunan gargajiya da hukumar ta lissafa lambarsu da harafin L take ƙarewa, kuma abin da take nufi shi ne an duba ba a ga cutarwa ba, ba wai an tabbatar suna warkarwa ba. A jikin kwalin ma akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Sai maganar Hajiya, cewa daji ba ya son allura. Ban yarda da ita ba, amma na san inda ta samo ta, kuma ba daga wauta ba ne. Ta ga mata da idonta. An yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe wata da watanni, sai da mama ya fashe ya fara wari aka kai asibiti, aka yi allura, bayan 'yan makonni aka yi jana'iza. Abin da ido ya gani na ƙarshe shi ne allurar, sai aka ɗora mata laifin da na jinkiri ne. Mafi yawan matanmu sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isa gaban likita. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da ciwon mama a Najeriya a shekarar, kimanin 16,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki kuwa, inda ake ganowa da wuri a kuma kammala magani, sama da 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Allurar ɗaya ce can da nan. Har ila yau masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi diddigin marasa lafiya 281 da kansarsu ba ta yaɗu ba, waɗanda suka ƙi na asibiti suka tsaya a kan wasu hanyoyi kaɗai, suka kwatanta su da 560 da suka yi na asibiti. A sakamakon da ya fito a 2018, haɗarin mutuwa ya ninka sau biyu da rabi ga waɗanda suka ƙi, a ciwon mama kuwa ya haura sau biyar.

Likitan da ya ce shida kafin aiki yana da lissafi. So yake ƙarin ya tsuke yadda zai cire shi tas. Tazarar da ke tsakanin zuwa da zuwa, galibi mako uku, an tsara ta ne yadda jini zai farfaɗo amma ƙarin bai samu sukunin farfaɗowa ba. Wata uku na ɗigo ya isa ya mayar da hannun agogo baya, ya mai da ciwon da ake iya cirewa wanda ya riga ya kai huhu ko ƙashi. Wahalar biyun da ta sha kuma ta tashi a banza.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka ba gizon ba ne. Amsar matarka ce: duk yadda kuka yi daidai ne. Macen da ake maganar ranta ba ta faɗin haka don ba ta da ra'ayi. Tana faɗa ne don tana tsakanin uwa da miji, ta ga jarinka yana narkewa a kanta, ta gaji da amai, kuma akwai wani tsoro da ba za ta furta ba. Kowa a gidan ya san abin da "aiki" yake nufi. Ina kyautata zaton ita ma Hajiya ba allurar take gudu ba kamar wuƙar da ke bayanta. Uwa ce, tana hango 'yarta da mama ɗaya, kai babu gashi, a gidan miji mai ƙuruciya da shago a Kwari, kuma ta san abin da ya faru da wasu a irin wannan hali. Wannan tsoron babu likitan da zai cire shi, kai kaɗai ne. Ka samu lokacin da yara suka yi barci, babu kowa, ka faɗa mata da bakinka cewa ita kake so ta rayu, da mama ko babu, da gashi ko babu, kuma kuɗin da ake kashewa ba bashi ba ne a kanta. Mazanmu sukan ce ai ta sani. Wataƙila ta sani, amma ta ji. Bayan nan ka tambaye ta me take so, ka yi shiru har ta gama. Jikinta ne, kuma shawarar ƙarshe tata ce, amma ta yanke ta tana da labarin gaskiya a hannu, ba tana ƙoƙarin faranta wa kowa ba.

Wahalar kemon ma ba a barinta haka. Amai ba ƙaƙƙautawa alama ce ta cewa maganin hana aman da aka ba ta bai ishe ta ba, kuma ana iya sauyawa ko a ƙara. Akwai ondansetron da ire-irensa, ana fara su kafin a sa ruwan, ba sai aman ya taso ba. Mutanenmu suna jin nauyin likita, ya ce yaya jiki su ce da sauƙi. Kada ku ce da sauƙi. Ku gaya masa sau nawa take amai, kwana nawa ba ta ci ba, ko bakinta ya yi gyambo. Abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, wanda ya huce ya fi mai tururi, a kuma ɗauke girki daga kusa da ɗakinta a kwanakin farko. Gashi yana dawowa bayan an gama. Abu ɗaya ne ba a kwana da shi: zazzaɓi. Ka sayi ma'aunin zafin jiki ka ajiye. In ya kai 38, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo lokacin da garkuwar jiki take ƙasa, asibiti za ku tafi ko tsakar dare ne, ba kemis ba.

Batun surukai kuma, kada ka ja da Hajiya baki da baki. Ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ko ka fi ta hujja kai ne za ka faɗi. Yayan shi ne ƙofarka. Kada ka nuna masa an yaudare shi, don mutum ya fi kare kuskurensa in an kunyata shi. Ka yi masa godiya a kan neman da ya yi wa ƙanwarsa, ka roƙe shi ya raka ku asibiti ranar zuwa na uku da bidiyon a wayarsa, ya nuna wa likita da kansa, ya tambayi duk abin da ke ransa. Ka ce ya nemi mai kwalbar ya faɗi sunan sinadarin, da ma'auninsa, da asibitin da aka gwada shi a jikin masu ciwon mama, ya kuma zo a zauna da shi gaban likita. Irinsu ba sa zuwa, kuma ƙin zuwan zai yi wa yayan bayanin da kai ba za ka iya yi masa ba. Kuɗin kuma ka ba shi a hannu ya je ya biya a wurin biya, ya karɓo rasit. Wanda ya ƙirga kuɗinka da yatsunsa ya miƙa ba zai koma gida ya ce kana rowa ba. In akwai kawu ko baffa da Hajiya ke jin maganarsa, shi za ka kai wa kuka cikin ladabi, shi ya isar.

Hajiya kuma kada a bar ta hannu rabbana, domin uwar da aka ce ta zauna ta yi kallo dole ta nemo wani abin da za ta yi. A roƙe ta ta zo ta zauna da 'yarta a makon kemo, ta riƙe kunu da farfesu da yara, ta riƙe addu'a da sadaka da zamzam. Babu ɗaya cikinsu da ya ci karo da asibiti. Na san masu talla suna yawan jawo hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Gaskiya ne, kuma a wata ruwayar akwai ƙarin cewa wanda ya sani ya sani, wanda ya jahilta ya jahilta. Ke nan sai a nemi wanda ya sani. Sharaɗi ɗaya za ka nema a wurinta ta bakin mai isar da saƙo: duk abin da za a ba ta ta sha ko a shafa a maman, a fara nuna wa likita, saboda hanta da ƙoda suna cikin aiki mai nauyi yanzu.

Kuɗin na biyar da na shida da na aiki ma tun yanzu za ka fara nema, kada ka jira ranar ta zo. Ka je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ka yi bayani, ba abin kunya ba ne. Tun 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fara wani shiri na rage farashin magungunan kemo a wasu asibitocin koyarwa, har da na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. A 2021 kuma aka buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu kansa, ciwon mama yana cikin waɗanda ya ɗauka. Ka tambayi likita da mai ba da magani yadda ake shiga, ka haƙura da zirga-zirgar takardu. A layinku na Kwari akwai masu fitar da zakka da masu neman inda za su sa sadaka, kuma dangin da suke shirin haɗa 380,000 don kwalba za su iya haɗa ta don zuwa na biyar.

Zai yiwu duk ka yi wannan yayan ya dage, ya saya da kuɗinsa ya kawo. In haka ta faru kada ka tada rigima a tsakar gida, kada kuma ka fasa kwalbar, don a ɓoye za a koma ba ta, wannan kuwa ya fi komai haɗari. Ka karɓa ka yi godiya, ka ce za a kai wa likita ya gani tukuna, ka sa ta cikin jakar da za ku tafi da ita asibiti tare da katinta da sakamakon gwajin jini. Abin da likita ya faɗa a kanta, a gaban yayan zai faɗa.